Yadda za ka auna haɗarin da ke wurin aikinka, daga garaji har shantiye

Duk wanda ke da mutane suna aiki a ƙarƙashinsa, ko apranti ɗaya ne a garaji ko lebura talatin a shantiye, wato wurin gini, akwai wani aiki da ya rataya a wuyansa wanda yawancinmu a nan Garwa da Marwa da Kusiri ba ma yi, shi ne ya zauna ya lissafa abubuwan da za su iya raunata mutanen nan ko su kashe su, ya gyara tun abin bai faru ba. Manyan kamfanoni suna ɗaukar mutum na musamman suna biyansa albashi don wannan aikin kawai, amma kai mai injin niƙa ko mai walda ko mai magaza na hatsi, kai ne patiron kai ne mai duba lafiyar yaranka, babu wanda zai zo ya yi maka. Kuma abin ba ya buƙatar boko mai zurfi, kaye ɗaya, wato littafin rubutu, da biro da ƙafarka da kunnenka sun isa.

Na san abin da wasu za su ce, wai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne babu wanda ke wuce kwanansa, amma ai malamanmu kullum suna faɗa mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, kuma yaron da bel ɗin inji ya cire wa yatsu huɗu amana ce iyayensa suka ba ka. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda haɗari ko cutar da aiki ya jawo, kuma mafi yawansu ba faɗuwa ko wuta ce ta kashe su ba, cuta ce da ta shiga jiki a hankali, ƙura da hayaƙi da guba. Ka riƙe wannan a ranka don zai dawo mana a gaba.

Matakin farko: ka zagaya da ƙafarka

Kada ka zauna a benci ka rubuta daga kanka. Tashi ka shiga wurin aikin lokacin da aiki ya yi zafi, ba da sassafe da aka share an jera kaya ba. Ka zagaya kamar baƙo, ka fara daga bakin ƙofa, ka bi hanyar da kaya ke bi tun daga sauke su har fitarsu, duk abin da ka gani wanda zai iya yanka, ƙonawa, murƙushewa, jan mutum da kuran (wutar lantarki), faɗowa a kai ko shiga huhu, ka rubuta. Kada ka tsaya tunanin gyara yanzu, rubutu kawai.

Bari in ɗauki wurin niƙa tunda kowace unguwa akwai shi. Injin gazuwal ne yana juya bel mai faɗi a buɗe, babu murfi, kuma daidai gefen bel ɗin ne ake ajiye kwanukan niƙa, yarinya 'yar shekara tara ta zo da dogon hijabi iska na kaɗa shi ta sunkuya za ta ɗauki kwanonta, tsakanin bakin hijabin da fulin bai kai kamu ɗaya ba. Mai injin yana can ta baya yana tura dawa da sanda, ƙara ta cika masa kunne, ko ta yi ihu ba zai ji ba, kuma wurin kashe injin yana ɗaya gefen. A wannan 'yar rumfar kaɗai ka samu abubuwa biyar: bel a buɗe, ƙara, ƙurar gari da ake shaƙa daga safe zuwa magariba, hayaƙin inji a wurin da iska ba ta ratsawa, da bidon ɗin gazuwal da aka jingina kusa da salansa mai zafi. Mai injin ya shekara yana ganinsu har idonsa ya daina ganinsu, shi ya sa nake cewa ka duba kamar baƙo, in da hali ma ka kira wani abokinka mai irin sana'arka ya zagaya tare da kai, kai ma ka je nasa.

A garaji ka duba mota da aka ɗage da jak kaɗai yaro ya shige ƙasanta babu katako ko ƙarfen tokari, ka duba inda ake cajin batir domin batir na fitar da iskar gas mai kama wuta lokacin caji, ka duba ruwan batir da ake zubawa a kwalbar lemo, da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, da ake ajiyewa a kwalabe kusa da mai walda, da baƙin mai da ya malale a ƙasa. A wurin walda akwai tukunyar kabaid mai samar da gas ɗin walda, da tiyo da ya tsattsage aka ɗaure da robar taya, da injin gurza ƙarfe da aka cire masa murfi wai don faifan ya fi shiga lungu. A magaza ka ɗaga kai ka dubi tsayin jerin buhuna da yadda aka jera su, sannan ka tambayi inda ake ajiye ƙwayar maganin ƙwari da ake sakawa cikin hatsi, wannan ƙwayar tana sakin iska mai guba idan ta ji danshi, kuma mai gadin da ke kwana cikin magaza da aka sa wa magani aka rufe yana iya kwanciya bai tashi ba. A shantiye kuwa tsani, da katakon da ake takawa a sama, da rami, da wayar kuran da ke kwance cikin ruwa kusa da injin kwaɓa siminti, da ƙarfen rodi da ya miƙe tsaye ba a rufe kansa ba.

Bayan idonka sai kunnenka. Ka kira yaran ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban jama'a ba, ka ce musu wane aiki ne idan an sa ka gabanka ke faɗuwa, ina ne ka taɓa tsallake rijiya da baya. Za ka sha mamaki. Su ne suka san soket ɗin da ke ja idan hannu na da danshi, su suka san igiyar da ta kusa tsinkewa. Amma fa in ka yi wa na farko tsawa don ya faɗa maka gaskiya, shi kenan ka rufe bakin sauran.

Wani abu da ake mantawa a ƙasarmu shi ne wurin aiki ɗaya yana da fuska uku a shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kwanon rufi da ƙarfe sai su ƙona hannu, mutum yana kan gini jiri ya ɗebe shi. Da damina wayoyi na jiƙewa, bangon rami na zubewa, ƙasa na santsi. Da hunturu ƙura da iska, wuta kuma in ta kama ba ta jira. Saboda haka ka rubuta har abin da ba ka gani yau ba amma ka san yana zuwa.

Mataki na biyu: wa abin zai samu

A gaban kowane abu da ka rubuta ka sa wanda zai iya cutuwa da yadda zai cutu. Wannan ba ya ɗaukar lokaci amma kada ka tsaya kan ma'aikata kaɗai. Akwai sabon apranti da bai san komai ba kuma yana jin kunyar tambaya, akwai mace mai ciki, akwai dattijo mai gadi, akwai mai tallan kunu da ke ratsawa ta tsakiyar garaji, almajirai masu tsintar ƙarfe, kwastoma da ya tsaya a kan mai walda yana kallon wutar da ido tsirara, da maƙwabcin da katangarsa ke jingine da wurin ajiyar manka. Dokar aiki ta Kamaru ta 1992 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki ko da a matsayin apranti ne, kuma ayyuka masu haɗari ba na wanda bai kai 18 ba ne.

Mataki na uku: ka auna, don ba duka ne ɗaya ba

Yanzu kana da jeri mai tsawo, wataƙila abu ashirin ko talatin, kuma kuɗinka ba za su gyara duka a wata ɗaya ba. To da wanne za ka fara? Ga hanya mai sauƙi. Kowane abu ka yi masa tambaya biyu. Ta farko, yaya sauƙin faruwarsa yake: in da wuya ka ba shi 1, in yana iya faruwa jefi-jefi ka ba shi 2, in kullum ana gab da shi ko ya ma taɓa faruwa ka ba shi 3. Ta biyu, in ya faru yaya muninsa: ɗan rauni da za a wanke a ci gaba da aiki 1, raunin da zai kai mutum asibiti ya kwantar da shi kwanaki 2, mutuwa ko nakasa ta har abada 3. Sai ka ninka lambobin biyu.

Bel ɗin niƙa da muka gani, kullum yara na wucewa ta gefensa wato 3, in ya kama mutum hannu ne ko rai wato 3, ya tashi 9, wannan yau za a gyara shi ba gobe ba. Yankan gefen kwano a yatsa yana faruwa kusan kullum amma ƙarami ne, 3 sau 1, ya tashi 3, zai iya jira. Walda a jikin tankin mai ko durom da aka ce babu komai a ciki, ba kullum ake kawo irin aikin ba sai ka ba shi 2, muni kuwa 3, ya tashi 6. A nan ne nake so ka yi hattara da lissafin, domin lamba ba ta fi hankalinka ba. Ni a ganina duk abin da muninsa ya kai 3 ya hau sahun gaba ko da jimillarsa ta fito ƙarama. Durom da babu mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa, saboda tururin man da ya rage ya gauraya da iska, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Inda mutane suka fi kuskure a wannan matakin shi ne cututtukan da ba sa zubar da jini. Ƙara, ƙurar siminti da ta dutse, ƙurar auduga, hayaƙin walda, fentin mota da ake fesawa babu abin rufe hanci, duk sai a ba su 1 saboda babu wanda ya faɗi a gabanka. Amma kurumta ba ta warkewa, huhun da ƙurar dutse ta cinye ba ya dawowa. Masana sun sa iyakar ƙara a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na aikin awa 8, kuma ba sai kana da na'ura ba: in sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke tsaye mita ɗaya daga gare ka ya ji, to kun kai wurin ko kun wuce. Irin waɗannan ka ba su 3 a muni ba tare da jayayya ba.

Mataki na huɗu: gyara, kuma akwai tsarin da ake bi

Wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Abin da muka saba shi ne a ce wa yaro "ka dinga kula", ko a sayo safar hannu da tabarau a raba a ce an gama. Wallahi wannan shi ne mafi rauni a cikin magunguna, domin ɗan Adam yana gajiya, yana mantuwa, yana jin yunwa, kuma da zafin Afrilu babu wanda zai wuni da kaske (hular kwano) da safa in ba dole ba. Ka bi ta wannan jerin daga sama, sai wanda ya gagara ka sauko.

Da farko ka tambayi kanka ko za a iya kawar da abin ɗungurungum. Zuwa-zuwa ta bar cikin garaji, a sayo daidai buƙata. Gurup, wato janareta, ya fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da taga, domin hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kashe mutum cikin barci. Aikin da za a iya haɗawa a ƙasa a haɗa shi a ƙasa sannan a ɗaga, ba sai mutum ya hau sama ba. Waldar tanki in ba ka da hanyar wanke shi da fitar da tururin yadda ya kamata, ka ce ba ka yi, kuɗin aikin bai kai rai ba.

In ba ya kawuwa, ko za a musanya shi da mai sauƙi? A wanke hannu da sabulu maimakon esans. A yanka bulo da tayil ana zuba ruwa don ƙura ta kwanta. A raba buhu mai kilo 100 gida biyu ko a sa baro, maimakon yaro ya saɓa shi a wuya ya hau katako zuwa saman kamyo.

In wannan ma bai yiwu ba, sai a sa shinge tsakanin mutum da abin. Murfin bel na raga da ƙarfe, mai waldan unguwarku zai haɗa maka shi a wuni ɗaya, kuma ka matso da wurin ajiye kwanuka can nesa ka sa kanta tsakanin masu kawo niƙa da injin. A mayar da murfin injin gurza. A sa dizonkta mai yanke wuta da kanta idan kuran ya bi jikin mutum, irin ta miliamfiya 30, a kuma haɗa wayar ƙasa, wannan ka nemi ƙwararren mai gyaran wuta ba ɗan koyo ba. A kafa makari a gefen bene, a tokare bangon rami da katako in zurfinsa ya wuce ƙugun mutum, a kuma janye tarin ƙasar daga bakinsa. A buɗe taga ko a ɗaga rufi don hayaƙi ya samu hanya.

Sannan tsarin aiki. Aiki mai nauyi a yi shi daga asuba zuwa hantsi, a huta da tsakar rana a inuwa, a ajiye randa ko bidon na ruwa kusa, a riƙa shan kamar kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20 ba sai an ji ƙishi ba. In azumi ya faɗo cikin zafi, zuba dal da hawa rufi a mayar da su bayan sallar asuba ko da dare in akwai haske. Babu mai gyara inji sai an kashe an zare fulogi, kuma makullin yana aljihun mai gyaran. Babu mai shiga rijiya ko ramin masai ko tanki shi kaɗai, kuma in na ciki ya faɗi kada na waje ya bi shi da gudu, haka ake rasa mutum biyu uku a rami ɗaya. Tsani in tsayinsa zuwa inda ya jingina mita 4 ne, gindinsa ya ja baya mita 1, wani ya riƙe ko a ɗaure shi. Babbar riga da rawani da gyale a cire su kafin a matsi duk abin da ke juyawa. Sabon yaro kuwa kada ya taɓa inji sai babba ya nuna masa kuma ya tsaya a kansa.

Kayan kariya su ne na ƙarshe, kuma ba ina cewa a bar su ba ne. Gilashin walda na gaskiya ba baƙin tabarau na kasuwa ba, takalmi mai ƙarfe a baki maimakon silifa, abin toshe kunne, abin rufe hanci da ya dace da ƙurar ko gubar, kaske. Patiron ne zai saya, kuma shi zai fara sawa, in ba haka ba yara ba za su sa ba. Abu ɗaya dai, safar hannu kusa da inji mai juyawa ita kanta haɗari ce, tana iya jan hannun gaba ɗaya.

Mataki na biyar: ka rubuta, da suna da rana

Ka ja layuka a kayenka: abin haɗarin, wa zai samu, lambar da ya ci, abin da ake yi yanzu, abin da za a ƙara, wa zai yi, zuwa yaushe, nawa zai ci. Layin "wa zai yi" da "zuwa yaushe" su ne masu rai, in ka rubuta "za a gyara" to ba za a gyara ba. Ka rubuta da harshen da mutanenka ke ji, Hausa ko Fulatanci ko Faransanci ko ajami, sannan ka tara su minti goma kafin a fara aiki ka karanta musu da baki tunda ba kowa ke karatu ba. In kana neman kwangila a manyan wurare irin su kamfanin auduga na SODECOTON ko kamfanin siminti na CIMENCAM da ke Figil, kada ka yi mamaki in an nemi ganin irin wannan takarda, ka ga kenan ta yi maka amfani biyu.

A shafi na gaba ka rubuta abin da za a yi in duk da haka abu ya faru. Abin kashe gobara mai hoda a rataye inda kowa ke gani da bokitin yashi, kuma kowa ya san ba a zuba ruwa a wutar mai ko ta kuran. Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru 118 ce, ka rubuta ta a bango tare da lambar mai moto ko mai mota da zai kai mutum asibiti. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai tsabta kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Ruwan batir ko siminti in ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. Wanda kuran ya riƙe a kashe wutar tukuna kafin a taɓa shi. Ƙofar fita kuma kada a tare ta da kaya.

Ta fuskar hukuma, a Kamaru akwai dokar ma'aikatar ƙwadago ta 26 ga Nuwamba 1984 da ta shimfiɗa ƙa'idojin tsabta da kariya a wuraren aiki, kuma wurin da ke da ma'aikata 50 ko fiye dole ya kafa kwamitin lafiya da kariya. CNPS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ita ce ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki ga ma'aikacin da aka yi wa rajista, kuɗin wannan ɓangaren patiron ne kaɗai ke biya, kashi 1.75 ko 2.5 ko 5 cikin ɗari na albashi gwargwadon haɗarin sana'ar, kuma in haɗari ya faru kwana 3 na aiki gare ka ka kai rahoto. 'Yan'uwanmu na Njamena su ma suna da tasu CNPS da dokar aiki ta 1996, sai su tambayi ofishin sufeton aiki na kusa da su kan wa'adin da ya shafe su.

Mataki na shida: ka dawo kansa

Kayen nan ba na ajiyewa a akwati ba ne. Ka buɗe shi duk lokacin da ka kawo sabon inji, ko ka canza wuri, ko ka ɗauki sababbin yara, ko aka fara wani aiki da ba a saba ba. Ka buɗe shi duk ranar da wani ya ji rauni, har ma da ranar da bulo ya faɗo ya wuce ta gefen kunnen mutum bai same shi ba, a zauna a tambaya me ya kawo haka, ba wa za a zaga ba. Ko babu abin da ya faru, ka sa wa kanka lokaci biyu a shekara, ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya shigo da kuma cikin Mayu kafin ruwa ya zauna, ka sake zagayawa da kayen a hannu kana duba layi bayan layi: murfin bel yana nan ko an cire, dizonkta tana yankewa in ka danna maɓallin gwaji, allurar abin kashe gobara tana kan kore, wanda aka rubuta sunansa ya yi aikin ko bai yi ba. Wanda aka gama ka sa masa rana ka ja layi, wanda ya rage ka ba shi sabuwar rana da sunan wanda zai yi.